Lissafin hukuma da lissafin majalisa: yadda kuɗin fetur da lantarki suka shiga lokacin hutunmu a Makka

A majalisar da muke zama bayan sallar Isha'i, a wani lungu da ke kusa da Shara Mansur a Makka, akwai gardamar da ake yawan komawa kanta, kuma a makon jiya ta sake tashi. Wani matashi da ke karatu a Jami'ar Ummul Ƙura ya karanto mana daga wayarsa cewa hauhawar farashi a Saudiyya a shekarar 2024 ba ta wuce kashi 1.7 cikin ɗari ba, adadin da ke cikin mafi ƙanƙanta a manyan ƙasashen duniya. Wani dattijo tela, wanda ya haura shekara arba'in a garin nan, ya ajiye kofin shayinsa ya ce masa: "Ɗana, to ni ina kuɗina suke tafiya? Aikina bai ragu ba, cina bai ƙaru ba, amma wata ba ya ƙarewa sai na ci bashi." Yaron ya amsa cikin ladabi ya ce: "Baba, ba ƙarya suka rubuta ba, haka alƙaluman suka nuna." A ganina dukansu biyu gaskiya suka faɗa, kuma abin da ya cancanci fashin baƙi shi ne yadda gaskiyar biyu suka iya zama tare a gari ɗaya.

Farkon abin da ke kawo ruɗani shi ne ma'anar adadin kansa. Hukumar ƙididdiga tana ɗaukar kwandon kayayyaki da hidimomin da gida ke saye, ta kwatanta farashinsu na wannan wata da na irin watan a bara, sai ta faɗi yawan ƙarin da aka samu. Wato abin da ake aunawa shi ne saurin hawan farashi, ba tsayin da farashin ya riga ya kai ba. A watan Yulin 2020 gwamnati ta ɗaga harajin saye da sayarwa, wanda a nan ake kira dariba, daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari, kuma shekara guda cur adadin hauhawar farashi ya tsaya a sama, har ya kai kashi 6.2 a watan Yunin 2021. Da watan Yuli ya kama sai ya faɗo zuwa kashi 0.4, ba don wani abu ya yi araha ba, sai don yanzu ana kwatanta farashi mai tsada da wani farashi mai tsada na bara. Harajin yana nan daram a kan kowace takardar ciniki har yau, amma ya daina bayyana a cikin adadin. Dattijon nan yana kwatanta rayuwarsa ta yau da ta shekara goma da suka wuce, shi kuwa ɗalibin yana karanta kwatancin bana da bara.

Idan aka bi ma'aunin dattijon, to labarin ya fi fitowa fili a gidan mai. Har zuwa ƙarshen 2015 litar fetur mai lamba 91, wanda galibin talakawa ke sha, halala 45 ce, wato ba ta kai rabin riyal ba, tunda halala 100 ce riyal ɗaya. A watan Disambar shekarar aka mayar da ita halala 75. Ranar 1 ga Janairun 2018 ta koma riyal 1.37, shi kuma mai lamba 95 ya tashi daga halala 90 zuwa riyal 2.04. Daga nan aka riƙa duba farashin lokaci zuwa lokaci gwargwadon kasuwar duniya, har zuwa Yulin 2021 da aka kafa masa iyaka: riyal 2.18 ga mai lamba 91, riyal 2.33 ga mai lamba 95. Mutumin da ke cika tankin lita 50 da riyal 22 da rabi a 2015, a wannan farashi yana biyan riyal 109. Ninki ya kusa biyar ke nan, alhali albashin direba ko mai gadi ko ma'aikacin shago bai ninka ko sau biyu ba.

Wutar lantarki ta fi fetur ciwo, domin mota ana iya ajiye ta, amma a Makka ba a iya kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a watannin zafi. Wanda ya ga aikin Hajjin 2024, lokacin da ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a Harami kuma alhazai fiye da 1,300 suka rasu, ya san cewa sanyaya ɗaki a nan ba jin daɗi ba ne, tsare rai ne, musamman ga tsofaffi da jarirai. Kafin 2018 gidan da bai sha fiye da kilowat 2,000 a wata ba yana biyan halala 5 ne a kan kowane kilowat. Daga Janairun 2018 aka mayar da shi halala 18 ga duk wanda bai wuce kilowat 6,000 ba, halala 30 ga abin da ya haura haka. Gidan da ke biyan riyal 100 ya wayi gari yana biyan 360, kuma da dariba ta yau ya zama 414. Abin lura a nan shi ne ƙarin ya fi faɗawa a kan masu ƙaramin sha, domin manyan gidajen da ke wuce kilowat 6,000 dama halala 30 suke biya a kan wannan rarar tun kafin gyaran. Sannan gidajen hayar da mutanenmu suka fi zama tsofaffin gine-gine ne, bangonsu ba ya tare zafi, na'urorin da ke jikin tagoginsu kuwa tsofaffi ne masu shan wuta, mai gida ba zai canza ba tunda ba shi ke biyan kuɗin wutar ba, ɗan haya kuma ba zai canza ba tunda gidan ba nasa ba ne.

Adalci ne a faɗi dalilin da ya sa gwamnati ta ɗauki wannan hanya, domin ba haka kawai ta farka ta yanke ba. A tsakiyar 2014 gangar ɗanyen mai ta haura dala 100, amma zuwa Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30, kuma giɓin kasafin kuɗin 2015 ya kai kimanin riyal biliyan 367. Ƙasar da ke sayar wa duniya mai ta tarar tana cinye kaso mai yawa na abin da take haƙowa a cikin gida, a farashin da bai kai rabin na waje ba. A lokacin zafi ana ƙona ɗanyen mai kai tsaye, dubban ɗaruruwan ganguna a rana, don samar da lantarki. Ko ruwan da muke sha a Makka da Jidda makamashi ne, domin daga teku ake tace shi a Shu'aiba sannan a turo shi ta bututu, a hau da shi tsaunuka. Kowace ganga da aka ƙona a gida ganga ce da ba a sayar a waje ba. Bugu da ƙari, mai mai araha ya fi amfanar wanda ya fi sha: attajiri mai motoci biyar da gida mai ɗakuna ashirin ya fi talaka mai mota ɗaya cin moriyar tallafin. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ni ban ga yadda mai hankali zai musanta ta ba. A kanta aka gina ɓangaren makamashi na shirin gwamnati na sauya tattalin arzikin ƙasar nan da 2030, wanda aka ƙaddamar a watan Afrilun 2016.

Inda maganar ta shafe mu shi ne yadda aka raba nauyin. Kafin a ɗaga farashi a Janairun 2018, gwamnati ta fara biyan kuɗi kai tsaye a asusun iyalai masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita tun Disambar 2017, ta shirin da ake kira Hisabul Muwaɗin, wato asusun ɗan ƙasa. An kuma ba ma'aikatan gwamnati alawus na tsadar rayuwa, riyal 1,000 a wata, har zuwa tsakiyar 2020. A Yulin 2022, da farashin abinci ya tashi a duniya, Sarki Salman ya ba da umarnin ware riyal biliyan 20 don rage raɗaɗi. Wannan tsari ne mai kyau, sai dai sunansa ya faɗi ko na wane ne. Hausawan ƙasar nan kuwa ba rukuni ɗaya ba ne. Akwai waɗanda kakanninsu suka zo a ƙafa ta Chadi da Sudan, suka zama 'yan ƙasa, suna ɗauke da sunayen Hausawi da Fallata da Barnawi, kuma daga cikinsu ne aka samu Usama Hausawi da ya zama kyaftin ɗin tawagar ƙwallon ƙafa ta Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Waɗannan suna cikin tsarin rage raɗaɗin. Akwai kuma masu iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi, wasunsu ma a nan aka haife su da iyayensu, waɗanda ke biyan sabon farashin fetur da wuta da dariba daidai da kowa, ba tare da wani abu ya dawo musu ba.

A kan wannan rukuni na biyu aka ƙara wani nauyin a daidai lokacin. Daga Yulin 2017 aka sa kuɗi a kan kowane mutum da mai iƙama ke ɗauke da nauyinsa, riyal 100 a wata, aka riƙa ƙara ɗari kowace shekara har ya kai riyal 400 a Yulin 2020. Magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu yana biyan riyal 2,000 a wata, 24,000 a shekara, kafin ya sayi ko buhun shinkafa. Adadin hauhawar farashi matsakaici ne na dukan gidajen ƙasa, har da miliyoyin gidajen da ba su san wannan kuɗi ba, saboda haka ba zai taɓa kwatanta aljihun wannan magidanci ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na san gidaje da dama da wannan lissafi ya sa suka mayar da mata da yara Kano ko Damagaram, maigida ya koma ɗaki ɗaya da abokan aikinsa.

Sai kuma haya. A watanni da yawa na 2024 kuɗin haya ya riƙa hawa da kimanin kashi 10 cikin ɗari a shekara, kuma shi ne ya fi jan adadin hauhawar farashi sama, har ta kai a Satumbar 2025 an dakatar da ƙarin haya a Riyad na tsawon shekara biyar. A Jidda abin ya haɗu da rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021, wanda ya shafe unguwanni irin su Sabil da Karantina da Gulail, inda iyalan Hausawa masu yawa suka daɗe suna zaune.

Duk da haka, ɗalibin nan yana da hujjar da bai kamata a raina ba, kuma tushenta shi ne darajar riyal. Tun 1986 aka ɗaure riyal da dalar Amurka a kan 3.75, kuma ƙasar tana da ajiyar kuɗin waje da za ta kare wannan alkawari. Ƙasar da ke shigo da mafi yawan abincinta daga waje, idan kuɗinta bai faɗi ba, to shinkafar Indiya da kajin Brazil ba za su ninka cikin dare ba. Haka kuma iyakar da aka sa wa fetur a 2021 ta nuna cewa ba a cire tallafi gaba ɗaya ba: a 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya kai ganga sama da dala 120, farashin lita a nan bai motsa ba, gwamnati ce ta ɗauki bambancin.

Darajar wannan kwanciyar hankali ba ta fitowa sai an saurari sauran mutanen majalisar. Waɗanda ke aika kuɗi Najeriya sun ga abin da ya biyo bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, sannan cikin 'yan makonni aka saki naira. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 nan take, ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500, hauhawar farashi kuwa ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. A wancan lokaci, idan aka canza kuɗin, litar fetur a Kano ta kamo ta Makka har ta ɗan wuce ta, alhali mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai kai riyal 200 ba. 'Yan'uwanmu na Sudan, mutanen Mai Wurno da Wad Madani da Gadarif, nasu labarin ya fi wannan ɗaci: ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 ta tafi da kimanin kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, tsadar burodi ta kunna zanga-zangar Atbara a Disambar 2018, a Fabrairun 2021 aka karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a kan dala, a Yuni aka cire tallafin mai, hauhawar farashi ta haura kashi 400 a tsakiyar shekarar, sannan yaƙi ya zo a Afrilun 2023. Ƙasashe uku sun taɓa tallafin mai, amma ɗaya ce kawai ta yi shi mataki mataki, da kuɗi mai tsayayyar daraja, tare da biyan diyya. Halin da Najeriya da Sudan suka shiga ma yana komawa kan aljihun mazaunin Makka, domin buƙatun gida sun ƙaru, kuma abin da yake aikawa ba ya cikin kwandon hukumar ƙididdiga.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma ban cika jin ana magana a kansa ba, shi ne inda wannan matsi yake fara cizo. A nan tukunya ba ta cika mutuwa ba, Alhamdulillahi, ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, suna samuwa, kuma a Makka da wuya mutum ya kwana da yunwa. Abin da ke fara tafiya shi ne abubuwan ɗebe kewa, waɗanda ba a lissafa su cikin larura amma su ne ke riƙe jama'a wuri ɗaya. A da, daren Alhamis motoci biyu ko uku kan tashi daga Makka zuwa gaɓar teku a Jidda ko Shu'aiba, a kwana ana kamun kifi, a dawo kafin sallar Juma'a, ba wanda ke tambayar kuɗin mai. Yanzu ana tambaya, kuma da zarar an fara karo-karo sai mai ƙaramin ƙarfi ya ce yana da uzuri. Istiraha, wato gidan shaƙatawa da samari ke haɗa kuɗi su kama a bayan gari don buga ƙwallo da kartar balot da wasan keram, ta ƙara kuɗi, domin mai ita ma yana biyan wuta. Mai kiwon tantabara a saman bene yana sayen hatsi da dariba a kai, kuma idan haya ta kore shi zuwa wani gida, sau da yawa sabon mai gidan ba ya yarda da akurki a samansa. Mata da ke haɗuwa da yamma ana ƙunshi ana zubin adashi, a da unguwa ɗaya suke, ƙafa ke kai su, yanzu wata tana arewacin Jidda wata tana kudu, kuma kowace ziyara sai an biya mota zuwa da dawowa. Hausawa suna cewa zumunta a ƙafa take, to a garuruwan da aka gina don mota, ƙafar ta koma lita.

Akwai kuma hanya ta biyu da tsadar ke cin hutu, wadda ta fi ta farko illa: tana cinye lokacin kansa. Mutumin da kuɗin wuta da na iƙamar iyali suka yi wa yawa ba ya rage abinci, ƙarin aiki yake nema. Telan da ke rufe shago ƙarfe goma yanzu yana kai ɗaya na dare. Mai gasa tsire, wanda mutanen Hijaz suka aro sunansa suke kira sire, yana tsayawa har gab da asuba. Malamin da ke karanta wa mutane littafi kyauta bayan Magariba ya koma koyar da yaran wasu gidaje don a biya shi. Babu ɗayansu da ya yi laifi, amma majalisar da ke tara mutum ashirin ta koma ta bakwai, kuma a majalisa ne ake jin wane ba shi da lafiya, wane yana neman aiki, 'yar wane za a aurar a haɗa gudummawa. A wurin ne kuma yaran da aka haifa a nan suke jin Hausa mai zurfi, ba ta aike da gaisuwa kawai ba.

Gaskiya ne cewa a daidai waɗannan shekaru an buɗe hanyoyin nishaɗin da babu su a da. Gidajen sinima sun dawo a 2018, mata sun fara tuƙi a watan Yunin shekarar, gasar ƙwallon ƙasar ta jawo Cristiano Ronaldo zuwa Al-Nassr a ƙarshen 2022, ƙungiyar da Ahmed Musa ya buga wa kafin shi, kuma Odion Ighalo ya zo nan Makka ya buga wa Al-Wahda. Sai dai yawancin sabon nishaɗin na tikiti ne, tsohon kuwa na tabarma da butar shayi ne, kuma magidanci mai 'ya'ya biyar ya san bambancin.

Manufar makamashi ta gaba za ta iya sauƙaƙa wasu daga cikin waɗannan, za ta iya kuma tsananta wasu. Gwamnati ta ce tana so rabin lantarkin ƙasa ya fito daga rana da iska nan da 2030, sauran kuma daga iskar gas, a daina ƙona ɗanyen mai. An buɗe tashar hasken rana ta Sakaka mai megawat 300 a 2021, akwai ta iska a Dumatul Jandal mai megawat 400, da ta Sudair mai megawat 1,500, ga kuma manyan filayen da aka shimfiɗa a Shu'aiba kusa da mu. Lantarkin rana ya dace da ƙasar nan ƙwarai, domin lokacin da rana ta fi ƙuna shi ne lokacin da na'urorin sanyaya ɗaki suka fi jan wuta. Amma sauƙin kuɗin samar da wuta ba ya nufin takardar da ke zuwa gida za ta ragu, tunda gwamnati ce ke yanke farashi, kuma burinta shi ne ta rage abin da take ɗauka, ba ta ƙara ba. Abin da zai taɓa talaka kai tsaye shi ne sufurin jama'a: jirgin ƙasa na Haramain, mai haɗa Makka da Madina, da aka buɗe a 2018, motocin bas na Makka da suka fara aiki a 2022, da jirgin cikin gari na Riyad da ya fara a Disambar 2024. Idan bas ya isa unguwannin bayan gari da mutanenmu suka watsu cikinsu, kuma yana aiki har tsakar dare, to ziyara za ta dawo ko da fetur bai sauko ba.

Wanda ke son sanin inda farashi zai nufa, dizal ya kamata ya sa wa ido, ba fetur ba. Shi ba a sa masa iyaka ba, kuma a farkon shekara ake gyara farashinsa: daga halala 75 ya koma riyal 1.15 a Janairun 2024, sannan riyal 1.66 a Janairun 2025. Mutane da yawa a majalisarmu ba su lura ba domin motocinsu ba sa shan sa, amma da shi tirela ke ɗauko shinkafa daga tashar jiragen ruwa ta Jidda, da shi motar sanyi ke kawo madara da kaji, da shi tankar ruwa ke hawa unguwannin kan dutse. Dattijon telan nan ya ce shi a wurin mai kawo masa yadi ya fara jin sa, domin a watan Fabrairu aka ƙara masa kuɗin dako, shi kuma bai iya ƙara wa masu ɗinki ba sai da azumi ya matso.